Kofin da Wuta Ta Rage

Ranar da Mai Walda ya fara zuwa cibiyar koyon sana'ar hannu ta unguwa, bai shiga kai tsaye ba. Ya tsaya a bakin get ya buɗe shi, ya rufe, ya sake buɗewa, yana karkata kai yana duban ƙarfen da ke riƙe da ƙyauren. Mai gadi ya zaci wani ne daga hukuma ya zo duba gini, har ya miƙe tsaye yana gyara hula. Ashe tsohon aikinsa yake gaisarwa. Shi ya yi get ɗin shekara ashirin da suka wuce, lokacin wurin sito ne na buhunan siminti, tun kafin a share shi a raba shi ɗaki-ɗaki, masu saƙa a farko, masu zane a tsakiya, masu aikin yumɓu a can ƙarshen baranda kusa da famfo. Ya ce wa mai gadin a zuba wa get ɗin mai, sannan ya wuce.

Shekararsa sittin da takwas a lokacin. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, bayan hannuwansa duk ƙananan tabon tartsatsi. Ya yi sama da shekara arba'in a shagonsa na bakin titi, ƙarƙashin rumfar kwano, yana yin ƙyamare da tagogi da gadaje da ƙafar tankin ruwa. In tsautsayi ya sa ka jera da shi a layi, ba ka da sakat: wannan taga tawa ce, wancan ƙyaure nawa ne, wancan kuwa ba nawa ba ne, kai ma ka ga yadda ya karkace. Bai tara abin duniya ba, amma ya aurar da 'ya'ya shida, kuma babu wanda ya taɓa dawo masa da aiki ya ce bai shiga gurbinsa ba. Da wannan yake tinƙaho. Addininsa na biyu awo ne. Tef ɗin awo ba ya barin aljihunsa ko a gidan gaisuwa, kuma yakan ce ƙarfe ba ya ƙarya, abin da ka auna shi za ka samu.

Abin da sana'ar ta karɓe masa a madadin haka shi ne kunne. Guduma da injin gurza ƙarfe sun cinye na hagu gaba ɗaya, na dama kuma rabin magana yake kamawa. Duk unguwa an sani, shi kaɗai ne bai yarda ba. Dabararsa ita ce ya kafa maka ido, ya gyaɗa kai da nauyi irin na dattawa, ya ce, "Haka ne." An taɓa ce masa wandonsa ya yage ta baya, ya ce haka ne, ya ci gaba da tafiyarsa har kasuwa.

Mutum ɗaya ce ta san yadda ake magana da shi, wato matarsa. Mai ɗinki ce, shekara talatin tana taka keke a falonsu, shi ya sa yake kiranta Tela tun suna da jajayen sawu. Ita kuma in tana son ta tsokane shi sai ta ce masa Maƙeri, don ta san zai tsaya ya yi mata bayanin bambancin ƙira da walda kamar yau ta fara ji. Ta dama take tsaya masa, ta faɗi magana gajeriya a fili, ya ji sarai. Kullum da safe kafin ya fita sukan sha shayi tare a bakin ƙofar ɗaki. Da hannu biyu take riƙe kofi, saboda sanyin ƙashi ya daɗe da lanƙwasa mata yatsun dama, ba sa shiga mariƙin kofi, sai ta tallafa da hagu.

Wata safiya hagun ya tafi. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɗauki hannu da ƙafa, ta bar mata baki da nauyi. Bayan sati uku a asibiti aka dawo da ita gida, babbar 'yarsu ta tattaro kayanta ta tare a ɗakin baƙi. Abinci dai ana fama, tana karɓar cokali uku huɗu. Abin sha ne ya zama yaƙi. Hannun da ya rage mata ba ya riƙe kofi, ita kuma ta tsani a kafa mata kofi a baki, ruwa yana bin haɓarta wani yana goge mata. Sai ta kurɓa sau ɗaya ta juya fuska bango. Likita ya ce in ba ta shan ruwa isasshe ƙodarta za ta sami matsala, ya faɗa sau biyu, na biyun ba da fara'a ba. 'Yar ta sayo kofin roba mai murfi da ɗan baki. Tela ta dube shi ta ce, a hankali, kalma na jan kalma, "Shida na shayar da irin wannan. Ba zan zama ta bakwai ba."

Mai Walda ya koma tsohon shagonsa ya yi abin da ya iya. Ya haɗa wani zobe na ƙarfe mai maƙale kofi, da madauri da ke zagaye tsintsiyar hannu. Aiki ne mai kyau, in ka ga haɗin ba za ka ga inda ya liƙe ba. Amma yana da nauyi, zafin shayi yana bin ƙarfen, kuma da aka ɗaura mata sai ta ce, "An kama ni ke nan?" Ya kwance ya jefa a ƙarƙashin gado. Kwana biyu bayan haka 'yar ta dawo daga kanti ta ce ta ga sanarwa a cibiya, ana koya wa manya aikin yumɓu Talata da Alhamis da safe. Da wasa ta faɗa. Shi bai ɗauka wasa ba.

Su tara ne a ajin. Akwai matan aure, akwai wani tsohon direban bas da ba abin da yake ginawa sai tokar sigari duk da ya daina sha, akwai kuma wata tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya, gajeruwa mai kaifin ido, wadda ta zauna kusa da shi a dogon teburin. Malamar yarinya ce a wurinsa, ba ta kai autarsa ba, muryarta siririya, kuma tana da ɗabi'ar yin bayani tana wanke hannu a famfo, ta ba aji baya. Ranar farko ta yi magana mai tsawo a kan halin yumɓu. Mai Walda yana kallon bayanta yana gyaɗa kai. Da ta juyo ta ce, "Baba, an gane?" ya ce, "Haka ne."

Yumɓu ya ba shi wahala ba kaɗan ba. Mutumin da ya saba da abin da sai an doke shi yake jin magana, ga shi an ba shi abin da ko hararsa ka yi sai ya lotsa. Malamar ta nuna musu yadda ake murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, a naɗa shi zagaye kan zagaye, a shafe da yatsa har bango ya tashi. Nasa bangon sai ya matse shi ya fashe. Ungozoma ta ce, "Malam, ba ƙofar kurkuku kake yi ba, sassauta." Wannan ya ji, don muryarta ta saba ratsa ɗakin haihuwa. Ya harare ta, amma ya sassauta. A sati na uku ya tayar da kofi mai tsayuwa da gindinsa, bakinsa daidai ta ko'ina, don sai da ya ɗora masa tef ta fuska huɗu. Tsohon direba ya ce wannan kofi ko jami'in duba mota ba zai sami abin faɗa a kansa ba.

Saura mariƙi, kuma shi ne dalilin zuwan. Bai gaya wa kowa a ajin ba, bai kuma gaya wa Tela ba. Tun da bakinta ya yi nauyi muryarta ta koma ƙasa-ƙasa, ya zama ko ta dama ta yi magana ba ya kama ta duka. Yana jin kunyar ya ce ta maimaita, ita da kowace kalma sai ta yi naƙudarta. Sai ya koma yi mata irin abin da yake yi wa mutanen waje, ya gyaɗa kai ya ce haka ne. A hankali hirarsu ta ƙafe. Yana zaune kusa da ita yini guda, yana gyara mata filo, yana kore mata ƙuda, amma ba ya tambayarta komai, don tsoron amsar da ba zai ji ba.

Saboda haka da rana ya aune ta, tana barcin bayan azahar. Ya durƙusa a gefen gado da guntuwar wayar walda, ya zura ta a hankali cikin lanƙwasar yatsunta, yana tanƙwarawa kaɗan-kaɗan har wayar ta ɗauki siffar ramin da ke tsakanin yatsun da tafin hannun. Ya auna faɗin yatsu huɗu a inda ƙashi ya kumbura, ya rubuta a bayan kwalin magani. Hannun yana da ɗumi, ba nauyi, fatar ta yi laushi saboda rashin aiki. Ya daɗe riƙe da shi bayan ya gama awon, tausayinta ya cika masa ciki har ya rasa inda zai sa kansa.

Ya yi mariƙin a kan wayar nan, bai ƙara ko kaurin gashi ba, bai rage ba. Malamar ta zo wucewa ta ga mariƙi mai faɗi da wani irin karkata, ta ce wani abu tana nuna shi da yatsa, ya ce haka ne. Aka jera kofin a kan kanta ya sha iska kwana goma. Aka gasa shi a tanderu, aka fito da shi, ya tsoma shi a ruwan ƙyalli mai launin shuɗi, irin launin da Tela take so a zare, aka sake mayar da shi wuta. Sati shida cif daga ranar da ya fara zuwa. A cikin sati shidan nan an kai Tela asibiti sau ɗaya an ƙara mata ruwa ta jijiya, ta dawo ta ƙara yin shiru.

Ranar da aka buɗe tanderu kofinsa ya fi na kowa kyau, kowa ya shaida. Ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun gaba, ya tafi gida yana dafe da shi. Ya sa 'yar ta dafa shayi, ya zuba rabi, ya zauna a bakin gado.

"Tela, ga wani abu."

Ta dubi kofin, ta dube shi. Ya kama hannunta ya kai kan mariƙin. Yatsa biyu suka shiga, na uku ya tsaya a gaɓa. Ya ɗan juya kofin, ya sake gwadawa. Ya ga ta runtse ido, ya gane yana ji mata ciwo, ya saki. Ita da kanta ta sake turawa, tana cije leɓe, har shayin ya fantsalo kan zanin gado. Bai shiga ba.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ajiye shi a can."

Ta juya fuska bango. Wannan maganar ya ji ta tsaf, kuma da ma bai ji ba.

Alhamis ya riga kowa zuwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma Mai Walda ya kwana biyu yana hango na malama. Ya dire kofin a teburi, ya ajiye wayar awonsa kusa da shi, ya zaro tef.

"Malama, zo ki gani. Wannan wayar a kanta na yi mariƙin nan. Yanzu sa ta ki ga ko za ta shiga. An rage min aiki. Ko dai an canza min, ko kun bar shi a wuta ya wuce ƙa'ida. Ni na san wuta, shekara arba'in ina cin abinci da ita. Ƙarfe in ya sha wuta buɗewa yake yi, ya huce ya koma yadda yake. Ban taɓa ganin inda aka auna abu ya fito ba haka ba."

Malamar ta ɗauki kofin ta juya shi. Sauran ɗalibai sun fara shigowa, kowa ya yi tsit yana saka rigar aiki a hankali don kada ya rasa komai.

"Baba, ai yumɓu tsukewa yake yi. In ya bushe ya ragu, in ya shiga wuta ya ƙara raguwa, kusan kashi ɗaya cikin takwas, kuma ba ya komawa. Na faɗa ranar farko. Ranar da kake mariƙin ma na ce ka ƙara masa."

"Haka ne," in ji Mai Walda, da zafi. "Amma wa ya rage min?"

Ungozoma ta ajiye jakarta. Ta zagaya ta bayansa ta hagu, ta ce da murya daidai, "Malam, rigarka ta kama da wuta." Bai motsa ba. Ta zagayo ta dama, ta kusanto kunnensa.

"Bawan Allah, tun yaushe ka daina ji?"

Ya buɗe baki zai musa, ya ga idanun mutum tara a kansa, babu mai dariya ko ɗaya, har direban. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya zauna a kan benci.

"Ya kai shekara goma," ya ce.

Malamar ta ɗauko alli ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe abin da ta faɗa, ta zana kofi babba da ƙarami a gefensa. Ya karanta yana motsa leɓe. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana koyon aiki. Sannan ta zo ta zauna ta damansa, ta fuskance shi sosai yadda zai ga bakinta.

"Baba, wa kake yi wa kofin?"

Ya gaya musu. Bai iya labari ba, a guntu-guntu ya faɗa, hagu da ya tafi, dama da ya lanƙwashe, kofin roba, maganar likita, ƙarin ruwa. Wata daga cikin matan ta goge ido da bakin mayafi. Malamar ta ce hannu irin wannan waya ba za ta ba da siffarsa ba, gara mai hannun ta matsa yumɓun da kanta. Ko za a iya kawo ta? Ya girgiza kai, ya ce wata biyar, in ban da zuwa asibiti, ba ta leƙa ko tsakar gida ba, ba ta son a gan ta.

"To a kai mata yumɓun," in ji malamar. "Sai dai in ta matsa da hannu tsirara, wuta za ta sake ragewa, mu koma gidan jiya."

"Ku naɗe yatsun da bandeji," in ji Ungozoma. "Zagaye biyu ko uku. Kaurin bandejin shi ne rabon wuta."

Malamar ta dube ta, ta yi murmushi, ta ce ita da ta yi karatun abin ba ta taɓa tunanin haka ba. Ungozoma ta ce ai duk abin da zai fito ta ƙaramar hanya ita aka bar wa lissafinsa. A ranar ajin ya taya shi, ya gina sabon kofi, ya fi na farko girma kamar yadda allo ya ce, aka lulluɓe shi da leda don kada ya bushe. Aka ba shi curin yumɓu mai laushi a wata ledar, Ungozoma ta ciro bandeji daga jakarta, don har yau ba ta yawo babu shi.

Da la'asar ya shiga ɗakin. Wannan karon ba yadda za a yi a ɓoye, sai mai hannu ta farka ta yarda. Ya jawo kujera ta inda kunnensa na dama zai fuskanci bakinta, ya matso har yana jin numfashinta. Ya bayyana mata komai, tun daga wayar da ya aune ta da ita tana barci har zuwa allon malama. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta yi magana, bai kama ba. Kansa ya fara gyaɗawa da kansa, ya tsayar da shi.

"Ban ji ba, Tela. Ba na jin ki sosai tun da kika kwanta. Ki sake faɗa, ko sau nawa ne."

Ta tattara ƙarfinta, ta faɗa ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce, ko 'yar koyo ta san ana barin rara. Yadi ma in ya sha ruwa shigewa yake yi. Shekara talatin ina yanka da rara a gabanka. Da ka tambaye ni."

"Haka ne," ya ce, kuma wannan karon ya san abin da yake amsawa.

"Ka aune ni ina barci, sai ka ce gurbin taga." Ta huta, ta haɗiye yawu. "Wata biyar kowa yana yi min. A ɗaga ni, a juya ni, a goge ni. Babu wanda ya ce, ke me kika gani."

Ya ji maganar har cikin ƙashinsa, don ya san shi ne na farko a masu laifin, shi da ya fi kowa son ta. Ya sunkuyar da kai yana warware bandejin.

"Zagaye nawa zan yi?" ya tambaya.

"Nawa suka ce yana ragewa?"

"Ɗaya cikin takwas."

Ta dubi yatsunta, ta dubi kaurin bandejin, idonta ya yi irin ƙanƙancewar da yake yi in tana duban yadi kafin ta sa almakashi.

"Biyu a yatsu. Uku a gaɓar da ta kumbura. Kada ka ja shi da ƙarfi, Maƙeri."

Ya naɗa yadda ta ce. Ya murza yumɓun ya yi kauri, ya sa mata a hannu, ta matsa iya ƙarfinta, wanda ba shi da yawa. Ta ce a sake, babban yatsa bai sami wurin zama ba. Aka sake. Ta ce mariƙin ya sauko ƙasa, don in yana sama kofin zai rinjaye ta. Ta ce bakin kofin ya ɗan fito ta gefen da leɓenta yake da rai. Ta ce kuma kada ya cika girma, ita ba raƙumi ba ce. Sau uku yana cewa ta maimaita, sau uku tana maimaitawa, na ƙarshen har da tsaki. 'Yar ta leƙo daga ƙofa ta ga yumɓu a zanin gado, a gaban rigar uwarta, har a gemun ubanta, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ji uwar tana ba da umarni, ta koma da baya a hankali.

Sai da aka ƙara sati uku, don yumɓu ba ya sauri saboda kowa. A cikinsu Tela ba ta fasa ƙin kofin roba ba, amma ta yarda tana karɓar ruwa a cokali, wai don kada ta mutu ba ta ga ƙarshen shirmen Maƙeri ba. Kullum ya dawo daga aji sai ta tambaye shi inda aka kwana, ya bushe, ya tsage, an sa a wuta. A ajin kuma malamar ta daina magana tana kallon famfo, kowa ya ƙaru da hakan. Da ya zo shafe mariƙin don ya yi sumul, ta riƙe masa hannu ta ce ya bar shatin yatsun yadda suke.

Kofi na biyu bai kai na farko kyau ba, ko kusa. Ya ɗan karkata, bakinsa ya turo ta gefe ɗaya, mariƙin kuwa wani dunƙule ne mai ramuka huɗu da gurbin babban yatsa, har da sawun zaren bandeji a jikinsa. Tsohon direba ya juya shi ya ce in a hanya ya gamu da wannan zai ba shi hannu ya wuce. Mai Walda bai ɗora masa tef ba. Ba shi da abin da zai gwada shi da shi sai hannu ɗaya, kuma hannun yana gida.

Da safe aka gwada, lokacin shayinsu na da. 'Yar ta tayar da uwar zaune, ta jingina ta da filo biyu, ta ɗora mata faranti a cinya, ta fita kicin don ta ce ita zuciyarta ba za ta iya kallo ba. Ya zuba shayin rabin kofi, ya bari ya ɗan huce, ya ajiye a farantin da mariƙin yana duban hannunta. Bai kama hannun ba. Ita ta kawo shi, a hankali, tana jan sa a kan faranti. Yatsun suka sami ramukansu ɗaya bayan ɗaya, gaɓar da ta kumbura ta wuce, babban yatsa ya zauna.

Ta ɗaga. Kofin ya yi rawa, shayi ya ɗan zuba a farantin. Hannuwansa biyu suka miƙe da kansu za su tare, ta dube shi ta gefen ido, ya mayar da su ya tura ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kai. Tafiyar daga faranti zuwa baki ba ta fi taƙi biyu ba, amma ta ɗauki lokaci. Bakin kofin ya taɓa leɓenta ta gefen da ta ce. Ta kurɓa. Ta sauke shi kaɗan, ta huta, ta sake kurɓa. Ɗigo ɗaya ya gangaro haɓarta, ba wanda ya goge, ita ma ba ta damu ba. Haka ta yi ta yi har ya ga gindin kofin ya ɗaga sama.

Ta dire shi a farantin da ɗan ƙara, tana haki kamar wadda ta hau bene. Ba ta cire yatsunta daga mariƙin ba. Ya matso da kunnensa.

"Ƙaro," ta ce.

Ya ɗauki butar shayin, ya ga babu komai a ciki, ya fita da ita. A kicin 'yar tana tsaye ta dafa bango, ta juyo tana neman labari a fuskarsa. Ya miƙa mata butar, hawaye yana bin gemunsa bai ko ɓoye ba.

"Baba, lafiya? Bai shiga ba?"

"Ɗora ruwa," ya ce. "Ta ce a ƙaro."